Masu sayen tocila, a duba batir kafin a duba haske

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin masu sayen tocila da fitilar goshi, musamman manoman rani masu ban ruwa da dare, da makanikai, da masu gadi. Yawanci a cikin rumfa ake kunna wa mutum ita, haske ya kashe masa ido, ya biya. Kafin wata biyu ta koma kamar aci-bal-bal, kuma galibi laifin batir ne.

Da lumen ake auna haske. Ƙwan LED mai kyau yana ba da lumen kusan 100 a kan wat ɗaya. Batirin litiyam mai lamba 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65, in mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa) 3,000 ne a kan bolt 3.7, abin da ke cikinsa kusan wat 11 ne na awa guda. Ke nan lumen 300 zai kai ka awa uku da ɗoriya, lumen 1,000 kuwa da ƙyar awa ɗaya, shi ma sai kan tocilar ya yi zafi ta rage hasken da kanta bayan 'yan mintuna. To wanda ya rubuta lumen 50,000 a kwalin abin da ke shiga aljihu, ƙarya yake shararawa. Ƙwan fitilar gaban mota na halojin ma tsakanin 1,000 da 1,500 yake.

Batirin kansa akwai na jabu birjik. Duk 18650 da aka rubuta masa 9,900 mAh a bar wa mai shi kayansa, don na gaskiya ba ya wuce kimanin 3,500. Sikelin masu gwal yana raba gardama: mai kyau yana kai wa giram 45, in ya sauka ƙasa da 40 sosai akwai lauje cikin naɗi. Shi ya sa na fi yarda da tocilar da ake kwance gindinta a zaro batir. Wadda aka liƙe, ranar da batirinta ya mutu ita ma ta mutu.

Masu arhar nan da ake turo musu ƙafa biyu a soka a soket, da yawansu batirin dalma ne mai bolt 4. Abu biyu ke kashe shi: a bar shi makonni babu caji, ko a bar shi kwana da wuni a wuta, tunda yawancinsu ba sa yanke cajin da kansu. Ko ba a amfani da ita a riƙa yi mata caji wata-wata. Mai batirin zubarwa kuma, kada a haɗa sabo da tsoho, a cire su in za a ajiye ta, don in suka yi yoyo sai sun cinye sifirin.

Wajen zaɓi, aikin ne zai faɗa. Mai gyaran injin ban ruwa hannu biyu yake buƙata, fitilar goshi ce tasa, mai baza haske, lumen 100 zuwa 200 sun wadatar. Ya duba maƙogwaron da ake lanƙwasa ta, nan take fara karyewa, kuma in mai nauyi ce gara wadda batirinta ke ƙeya. Mai gadi mai son hango bakin katanga ya nemi ta hannu mai zurfin madubi. Kowacce dai ta kasance da ƙaramin haske a makunninta, shi ke kai mutum asuba.

Ga damina a nemi alamar IPX4, tana jure yayyafi da fantsama. IPX7 tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30, muddin zoben robar da ke murfin yana nan bai tsage ba. Da bazara kuma kada a bar mai litiyam a cikin mota a rana, kuma batirin da ya kumbura ko fatarsa ta yage kada a sake sa shi a caji.

Naku,
Mai karatu daga Kano