Bashin ƙananan bankuna: sunan mace a takarda, kuɗin a aljihun maigida

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana a kan bashin nan da ƙananan bankuna na maikrofainans suke ba mata, don ni ba labari aka ba ni ba, ina ciki tsundum. Shekara huɗu ke nan ni nake riƙe wa ƙungiyarmu littafi a nan Unguwar Rogo cikin Jos, mu 12 ne, akwai masu awara, masu ƙuli-ƙuli, akwai masu zuwa Farin Gada da sassafe su saro tumatur da kabeji su zo su kasa a ƙofar gida.

Ba zan ce bashin bai amfane mu ba, Allah na gani. Ni da shi na sayi injin markaɗe, yau shi ke biyan kuɗin makarantar yarana biyu. Tun da Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin waɗannan bankunan a 2005 ake ta cewa mata aka yi wa, har ana kawo misalin Muhammad Yunus na ƙasar Bangaladash da bankinsa na Grameen, wanda ya samu kyautar Nobel a 2006 saboda ba talakawa rance, galibinsu mata. To mun ji, amma akwai abin da ke faruwa a cikin gidaje wanda ba ya shiga rahoton kowa.

Mace za ta je ta dangwala hannu, a ɗauki hotonta, a karɓi BVN ɗinta, wato lambar shaidarta ta banki, a ba ta N50,000, kafin ta gama ajiye mayafi maigida ya ce ki kawo in ɗan gyara Keke ko in cika kuɗin haya zan mayar miki ƙarshen wata, ita kuma ina za ta iya cewa a'a a zauna lafiya? Ƙarshen wata ya zo shiru. Ranar Talata jami'in banki zai zo ya zauna a tsakar gidan da muke taruwa da jakarsa, ba zai tashi ba sai kuɗi sun cika cif, shi bai san wani maigida ba, sunanta ya sani. A cikinmu mata uku wannan ya faru da su, ɗaya sai da ta sayar da katifarta da kwanukan aurenta, ɗayar kuma ta je wani bankin ta ciwo wani bashin ta biya na farko, har yanzu tana cikin wannan ramin wallahi. Kuma tunda tsayawa juna muka yi, in mutum ɗaya ta kasa sauran ne za su haɗa mata, nan ƙiyayya ta fara, matan da suka shekara ashirin suna cin abinci kwano ɗaya yanzu gaisuwa ma da ƙyar.

Ban ce duk maza haka suke ba, nawa shi yake raka ni in zan kai kuɗi, kuma na san wasu matsi ne ya kai su, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda gari ya koma. Amma bashi hanji ne, kuma cikin wadda ta sa hannu yake murɗawa.

Sai maganar biyan sati-sati. Ki karɓa yau, sati mai zuwa ki fara biya. Wadda ta zuba kajin gidan gona sai sun yi sati shida zuwa takwas kafin ta sayar, da me za ta biya kafin nan? Daga cikin jarin take gutsura. Ga kuɗin ruwa da ba a faɗa mana da Hausa ƙarara, ga kuɗin fom ga na inshora, mata da yawa ma tsoron riba ya sa sun gwammace su tsaya a adashinsu duk da ba ya kai su ko'ina da sauri.

Mun ji a 2013 an ware naira biliyan 220 don ƙananan sana'o'i aka ce kashi 60 na mata ne, a 2018 aka zo da TraderMoni, rancen gwamnati na N10,000 ga ƙananan 'yan kasuwa, amma duk da haka a 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki daban-daban. Ni dai roƙona ga Babban Banki da masu waɗannan bankunan, a daina ƙirga mata nawa aka ba, a riƙa komawa bayan wata uku a ga ko kayan sana'ar na nan. In inji ko buhun waken suya mace ke so, a biya mai shagon kai tsaye a miƙa mata kayan, ba mai cewa ta ara masa inji ya biya haya. A ba mu ko wata ɗaya na numfashi kafin a fara karɓa, a kuma faɗaɗa rancen da babu ruwa a ciki. Malamanmu su ma dan Allah su taɓo wannan a huɗubar Juma'a, su tuna wa maza cewa dukiyar mace tata ce a Musulunci, balle wadda ta ciwo bashi a kanta.

Talatar nan mai zuwa akwai N4,500 da ban san inda za mu samo wa ɗaya daga cikinmu ba.

Taku,
Mai injin markaɗe, Unguwar Rogo, Jos