Kafin ka yanki tikiti

Assalamu alaikum aminina,

Ya gida ya iyali, ya jikin Mama? Allah ya ƙara sauƙi. Kayi haƙuri ka jini shiru, saƙonka ya shigo tun wancan satin, na karanta na ajiye don amsar ba ta layi biyu bace. Kace kana tara kuɗi kazo hutun sati biyu kayi aikin sa kai a gidan marayu nan Kambodiya kamar yadda nayi. Allah ya bada ladan niyya, amma don Allah ka dakata da tikitin nan tukun.

Gidan da aka fara kaini yana Siem Reap, garin da masu yawon buɗe ido ke sauka in zasu Angkor Wat, tsohon wurin bauta mai tarihi. Ranar da na isa ko jaka ban sauke ba yara suka rugo suka rungume ni, wata yarinya da bata wuce shekara biyar ba ta kama yatsana taƙi saki har magariba, ni kuwa har da ƙwalla, na ɗauka farin jini ne dani. Ashe duk baƙon da ya shigo haka take masa. Wata ma'aikaciya ce ta farkar dani, tace yaron da ya tashi a hannun uwarsa ai ƙyuya yake yi, in kaga yaro yana faɗawa jikin kowa to bashi da wani tsayayye ne, kullum ana zuwa ana tafiya, shi kuma yana neman wanda zai zauna.

Abin da ya ƙarasa kashe min jiki wata Lahadi ne. Wata mata tazo a bayan babur, ta zauna gindin bishiya da wani yaron ajina tana taje masa kai tana duba faratansa, yaron da ko magana baya yi sai gashi yana ta zuba. Na tambaya wacece, aka ce mahaifiyarsa. Nace ba maraya bane? Aka yi min dariya wallahi. Babansa ma na nan da ransa, kuɗin makaranta ne ya gagara, aka bisu har ƙauye akace su kawo shi zai yi karatu ya iya Turanci.

Daga nan na shiga bincike. Rahoton UNICEF na 2011 ya nuna kusan uku cikin huɗu na yaran gidajen marayun ƙasar nan suna da uwa ko uba a raye, kuma gidajen sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari daga 2005 zuwa 2010, daidai lokacin da baƙi ke ta kwararowa. Kaga kenan wasu gidajen ba don marayu sun yi yawa aka buɗe su ba, mu masu tausayi da kyamara ne muka yi yawa, tunda kuɗinmu yawan gadajen kwana yake bi, dole a nemo yaran da zasu cika gadajen. Abin ya kai a 2018 Ostareliya ta saka safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'in bautar zamani. Ka tuna ni ɗinnan babu wanda ya nemi takardar 'yan sanda a hannuna kafin a barni da yara, da mugu ne fa?

Ba nace duk masu gidajen macuta bane, akwai masu tsoron Allah da ke kwana da yunwa don yara su ci. Sai dai ko gidan kirki ba kamar iyali yake ba. A Romaniya an bi yara 136 na gidajen marayu a Bukares tun daga shekarar 2000, waɗanda aka ba iyalai riƙo, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari kaifin ƙwaƙwalwa da iya magana. Ruwanda ma tun 2012 take rufe gidajen tana maida yara cikin dangi.

Wata uku nayi na bar wurin. Ranar tafiyata ina ta shirin rarrashin yarinyar nan, ko kallona bata yi ba, tana riƙe da yatsan wata sabuwar zuwa. Har yau abin na cina.

Yanzu ina tare da masu nemo dangin yara suna maida su gida, a biya kuɗin makaranta, a ba uwar ɗan jari, ma'aikatan ƙasar masu jin yaren suna leƙawa duk wata. Aikina kwamfuta ne da lissafi, babu hoton da zan ɗora a Facebook, wani satin ko yaro ɗaya bana gani. Hadisin yatsu biyu da ka turo min kuwa, sake dubawa, mai ɗaukar nauyin maraya akace.

Kai da kake malamin jinya in zaka iya wata shida akwai asibitocin karkara da zasu so ka koyar da ma'aikatansu, sai dai batun lasisi da biza yana cin lokaci, gara a fara da wuri. In kuma sati biyun ne kawai, kazo mu zaga gari kaga Angkor, sauran kuɗin mu saka a makarantar yaron ajin nan nawa, ya koma wurin uwarsa tun watan jiya. Turo min takardunka in nuna musu, ka gaida Mama da kyau.

Naka har kullum.