Ba ƙaranci ne ya sa taitaniyom tsada ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun daren Laraba maganar baƙon nan da kuka gayyato a shirinku take ci mini tuwo a ƙwarya. Sau uku ya maimaita cewa taitaniyom yana da tsada ne domin ƙarfe ne mai wuyar samu kamar zinariya, mai gabatarwa kuma sai gaskata shi yake yi. Wallahi raina ya ɓaci. Ba haka ba ne, kuma kun bar dubban mutane sun kwana da wannan magana a kansu.

Ni mai walda ne, shekarata 22 ina wannan sana'a a Kaduna, amma a Bukuru aka haife ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, aikin wankin kuza ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Idan an wanke kuza akwai wani baƙin yashi mai nauyi da yake saura, a tara shi tsibi-tsibi a gefe. A kansa muka yi wasa muna yara, muna komawa gida ƙafafu baƙi ƙirin ana yi mana faɗa. Sai da na girma na san cewa a cikin yashin nan akwai ilmenait, ɗaya daga cikin ma'adinan da ake ciro taitaniyom daga gare su. Abin da na taka da ƙafata ba takalmi shi ne baƙonku yake kwatantawa da zinariya? Taitaniyom shi ne na 9 wajen yawa a cikin sinadaran da ke ɓawon ƙasa. Ya fi jan ƙarfe da tutiya da dalma yawa nesa ba kusa ba.

Na san inda tsadarsa take domin na biya kuɗin saninta daga aljihuna. Wani yaro ya kawo mini salansar babban babur ta tsage a wuya. Na ɗauke ta na ji ba nauyi, na sa maganaɗisu bai kama ba, na ce ai farin ƙarfen nan ne mara tsatsa da muka saba. Da na ɗora mata injin goge ƙarfe sai na ga tartsatsi fari fat mai kashe ido, irin wanda ban taɓa gani ba. Da na tsaya a nan da na huta. Ban tsaya ba, na kama da sandar walda kamar kullum. Wurin ya yi shuɗi, ya koma toka-toka, yana hucewa na ɗan ƙwanƙwasa shi da guduma ya fashe kamar tangaran. Yaron ya ce sai na biya, maƙwabta suka shiga tsakani, na biya rabi. Kuɗin makarantar 'ya'yana na zangon nan ne ya tafi.

Wani dattijo da ya yi aikin gyaran jiragen sama shi ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce wannan ƙarfe idan ya yi zafi yana zuƙar iskar da muke shaƙa kamar yadda busasshiyar ƙasa take shan ruwa, da ya sha kuma ya zama gautsi. Dole sai an lulluɓe wurin da iskar agon, wata iska da ba ta haɗuwa da ƙarfe, gaba da baya, har sai ya huce. Idan ɗinkin ya fito fari kamar azurfa ko ruwan kara, aiki ya yi. Idan ya yi toka ko ya yi gari, ka zubar. To wannan hali nasa shi ne duk labarin, tun daga yashi har zuwa jirgi, kuma baƙonku bai ambace shi ko sau ɗaya ba.

Ba a zuba yashin a tanderu a zuga kamar yadda kakanninmu suka yi da tama. Sai an haɗa shi da gawayin kwal da iskar kulorin a zafin da ya kai kusan digiri 1,000, ya zama wani ruwa, a tace ruwan, sannan a zuba shi kan narkakken maganisiyom a cikin rufaffiyar tukunyar da aka kori iska daga cikinta. Tukunya ɗaya kwanaki take ɗauka. Abin da ke fitowa wani dunƙule ne mai huji-huji da suke kira soso. A farfasa soson, a gauraya shi da sauran ƙarafa, a matse, a narka da wutar lantarki a inda babu iska, a sake narkawa karo na biyu, wani lokaci har na uku. Sai ya kai digiri 1,668 yake narkewa. Ku lissafa wutar da wannan aiki zai sha. Wani limamin coci, William Gregor, ya gano taitaniyom a baƙin yashin wani rafi a Cornwall ta Ingila tun 1791, amma sai da aka shafe shekara kusan 150 kafin William Kroll, mutumin Luxembourg, ya fito da wannan hanya da har yau ita ake bi. Duk tsawon shekarun nan yashin yana nan jibge. Hanyar raba ƙarfen da shi ce ta gagara.

Shi ma gaurayen da ya fi tashe, wanda ake sa alminiyom kashi 6 da banadiyom kashi 4 cikin 100, ba a gama wahala da shi idan an narka. Ba ya watsa zafi, sai ya tara shi a bakin wuƙar injin sassaƙa, wuƙar ta dakushe nan da nan. Dole a yanka a hankali, ruwan sanyaya yana kwarara. Ɓarɓashinsa kuma yana kama wuta, wutar da ruwa ba ya kashewa. Ana jure duk wannan ne domin nauyinsa bai kai kashi 60 cikin 100 na ƙarfen da muka saba ba, ga ƙarfi, ga shi ruwan teku ma ba ya cinsa. Shi ya sa kusan kashi 15 cikin 100 na nauyin jirgin Boeing 787 taitaniyom ne.

Bara ƙanena ya yi hatsari a hanyar Zariya, ƙashin cinyarsa ya karye biyu. Likita ya ba mu zaɓi tsakanin farin ƙarfe da taitaniyom, ya ce na biyun jiki ya fi karɓarsa. Da aka faɗi kuɗin sai da na zauna. Muka sayar da fili. Aka nuna mini abin kafin a shiga da shi, ɗan siririn faranti da kusoshi, duka ba su cika tafin hannuna ba. Ina riƙe da shi ina tuna tsibin yashin Bukuru, hawaye suka zubo mini a gaban mutane. Alhamdu lillahi yana tafiya yanzu. Amma na san filinmu bai tafi a kan yashi ba. Ya tafi ne a kan ilimi da wuta da injinan mutanen da suka iya aikin.

Wannan ne ya sa kuskuren baƙonku ya yi mini zafi. Wanda aka gaya wa abu ƙaranci gare shi zai ce to Allah bai ba mu ba, ya naɗe hannu. Japan ba ta da wannan yashi, saye take yi daga waje, amma tana cikin manyan masu yin soson tare da Chaina da Rasha da Kazakistan. Saudiyya ta kafa masana'antarsa a Yanbu da haɗin gwiwar wani kamfanin Japan. Afirka ta Kudu da Mozambik da Senegal da Madagaska da Saliyo suna loda ma'adinin a jiragen ruwa, amma ba ka jin sunan ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin masu yin soson. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ma'adinin ma ba ƙarfe ake yi da shi ba, farar hoda ce da ake sa wa a fenti da takarda da roba. Ko wannan hodar shigo mana da ita ake yi. Yaran da suka saurare ku ranar Laraba, masu karatun injiniya a Zariya da Bauchi da Minna, wannan ya kamata su ji.

Ina roƙonku ku gyara maganar a shiri na gaba, a fili, yadda aka faɗe ta a fili. Ku nemo wanda ya taɓa riƙe ƙarfen da hannunsa. Akwai cibiyar binciken ƙarafa a Jos, akwai likitocin ƙashi, akwai tsofaffin makanikan jirgi suna zaune a gida ba mai tambayarsu.

Sannan don Allah ku duba layin wayar nan naku. Na kira sau 11 a daren, yana shiga ba a ɗauka, amma mutum uku da suka samu shiga duk gaisuwa suka yi ta aikawa ga 'yan uwa da abokan arziki har lokaci ya ƙare. Idan filin gaishe-gaishe ne a gaya mana mu daina ƙona katinmu.

Na gode. A gaida ma'aikata.

Mai sauraronku,
wani mai walda daga Kaduna