Kafin Ka Biya Kuɗin Motar Nan

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Mahaifiyarka ta ce ka ƙyalla ido a kan wata babbar jif ta hannu mai injin fetur V8, tunda ƙaramar ta daina ɗaukarku. Dalilinka mai kyau ne, ba zan hana ka ba. Sai dai irin waɗannan motoci suna yin araha ne saboda masu su sun gaji da ciyar da su. Mota mai nauyin kusan tan biyu da rabi, idan ta sha lita 18 ko 20 a kilomita 100 cikin cunkoso, ba abin mamaki ba ne. Ka lissafa man wata guda tukuna. Idan albashinka zai ɗauka ba tare da an taɓa kuɗin makarantar yara ba, to bismilla.

Ka je ganinta da sassafe, tare da makanikinka, ban da na dillali. Ka dafa bonet. Idan da ɗumi, an riga an tayar da ita don kada ka ji ƙarar farko. A kunna kana tsaye a bayanta. Shuɗin hayaƙi daga salansa na nufin injin yana ƙona baƙin mai. Ka buɗe murfin baƙin man, idan ka ga farin kumfa mai kauri a ƙarƙashinsa, wataƙila ruwa yana shiga injin, ka haƙura da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarƙashinta. Fenti yana rufe komai a sama, amma tsatsar shasi ba ta ɓuya. A ɗaga motar, ka shiga da tocila, ka ƙwanƙwasa ƙarfen da kanka. Ka duba ko mai yana ɗiga daga giya. Sannan ka saka ta a 4L, wato giyar ƙarfi da ke jan tayoyi huɗu a hankali, a kan ƙasa mai yashi, ka ji ko tana shiga tana fita ba gardama. Mutane da yawa suna shekaru ba su taɓa wannan giyar ba, sai ta maƙale, kuma gyaranta akwai tsada. Idan Land Cruiser ce mai injin lita 4.7, bel ɗin tayimin gare ta, ka tambayi yaushe aka sauya shi, a nuna maka rasit.

Kada ka yarda da lambar kilomita ita kaɗai, ana juya ta. Sitiyari da robar fedar birki da suka goge sun fi ta faɗin gaskiya. Ka tabbata lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ta dace da ta takardu.

Tun ranar saye ka fara shirin ranar sayarwa, domin masu neman babbar mota mai shan fetur ba su da yawa. Ka tara rasit ɗin kowane gyara a wuri ɗaya. Ranar da za ka rabu da ita, ka faɗa wa mai saye aibinta tun kafin ya tambaya, ko da zai rage maka kuɗi. Wannan kam ina roƙonka.

Ka kira ni bayan makanikin ya duba ta. Ka gaida matarka da jikokina. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka