Jami'an farin kaya suna buƙatar sirri, mu kuma muna buƙatar wanda zai sa musu ido

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci min rai, wato hukumomin leƙen asirinmu, musamman DSS da muke cewa jami'an farin kaya, ko 'yan sandan ciki kamar yadda iyayenmu ke kiran su. Duk sanda maganarsu ta taso a majalisar unguwa ko a Facebook sai ka ga mutane sun rabu gida biyu, wasu su ce a ƙyale su su yi aikinsu tsaro ba abin wasa ba ne, wasu kuma su ce ai karnukan farautar gwamnati ne kawai ba su da wani amfani. Ni dai ina ganin duka ɓangarorin biyu ba su taɓa inda ciwon yake ba. Babu ƙasar da za ta zauna lafiya babu masu tattara bayanan sirri, ballantana mu da muke fama da Boko Haram da ISWAP da 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane. Kuma aikin nasu dole sai da sirri, ba wanda zai ce su riƙa shelar wanda suke bibiya. Amma tunda muka ce mulkin dimokuraɗiyya muke yi, dole a samu amsar tambaya ɗaya, idan su suna leƙen kowa to su wa yake leƙa su?

Mutane da yawa ba su san cewa dokar da ta kafa waɗannan hukumomin dokar soja ba ce. Bayan kashe Janar Murtala a ranar 13 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Obasanjo ta kafa hukumar tsaro ta sirri mai suna NSO, saboda an ga cewa juyin mulkin Dimka ya zo ba wanda ya hango shi. NSO ɗin nan ta yi ƙaurin suna wajen tsare mutane, sai Babangida ya rushe ta a 1986 da doka mai lamba 19 ya raba ta gida uku, SSS, wato DSS ɗin da muka sani yau, don cikin gida, NIA don ƙasashen waje, DIA kuma ta sojoji. To da aka zo miƙa mulki a 1999 sai aka ɗauki wannan dokar yadda take aka cusa ta cikin sashe na 315 na kundin tsarin mulki tare da dokar mallakar filaye da ta bautar ƙasa, yadda ba za a iya taɓa ta ba sai an bi doguwar hanyar gyaran kundin tsarin mulki. Ka ga kenan hukumar da aka ƙirƙira don ta kare shugaban soja daga juyin mulki ita ce muka shigo da ita mulkin farar hula ba mu sake mata komai ba, shugabanta shugaban ƙasa ke naɗa shi, shi yake yi wa bayani, shi ke iya cire shi. Shekara sama da ashirin da biyar kenan muna zaɓe amma a wannan fannin har yanzu muna 1986.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar bin umarnin kotu, kuma a nan zan ɗan tsaya don wallahi nan ne gizo ke saƙar. Kanar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, DSS ta kama shi a Disamba 2015, kotuna daban-daban sun ba da belinsa, kotun ECOWAS ma a 2016 ta ce tsare shi ya saɓa doka, amma bai fito ba sai 24 ga Disamba 2019, shekara huɗu cur. Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa, Mai shari'a Gabriel Kolawole ya ce a sake su cikin kwana 45 tun Disamba 2016, ba su samu fita ba sai Yuli 2021 da babbar kotun Kaduna ta wanke su. Omoyele Sowore kuwa duniya ta kalli bidiyon yadda aka yi ta kokawa da shi a cikin ɗakin kotu a Abuja ranar 6 ga Disamba 2019 kwana ɗaya kacal bayan an sake shi. Na san da na ambaci sunayen nan wani zai ce ai wane ɓarawo ne, wane ɗan shi'a ne, wane ɗan tada zaune tsaye ne, to ɗan'uwa ni ba wanke su nake yi ba, kana iya ƙin su duka ukun, abin da nake faɗa shi ne alƙali ya yi magana an ƙi ji. Ranar da aka yi wa wanda ka tsana ka yi shiru ko ka yi tafi, ranar da aka zo kan naka ba ka da bakin magana, kuma mun ga hakan da idonmu, waɗanda suka yi murna a 2015 da yawansu su ne suka koma kuka a 2023 lokacin da aka tsare shugaban EFCC na lokacin Abdulrasheed Bawa tun daga Yuni har Oktoba ba a kai shi gaban kotu an tuhume shi da komai ba. A shekarar dai aka ga jami'an DSS da na gidan yari suna cacumar juna a harabar kotun tarayya a Legas a kan wa zai tafi da tsohon gwamnan babban banki Emefiele. Alhali sashe na 35 na kundin tsarin mulkinmu ya faɗa ƙarara, kwana ɗaya in akwai kotu a kusa, kwana biyu in babu, in kuma ana son ƙarin lokaci a je a nemi izinin alƙali.

Su waɗannan manya ne fa, suna da lauyoyi manya, jaridu na bin labarinsu kullum. Ka yi tunanin yaron da aka ɗauka a Damaturu ko Gusau wanda ubansa ko kuɗin mota zuwa Abuja ba shi da shi, bai ma san wace hukuma zai je ya tambaya ba.

Kuma ba a kan ɗaiɗaikun mutane abin ya tsaya ba. Oktoba 2016 an fasa gidajen alƙalai cikin dare har da na kotun ƙoli. Ranar 7 ga Agusta 2018 jami'ai da fuska a rufe suka tare ƙofar majalisar dokoki ta ƙasa suka hana zaɓaɓɓun wakilai shiga, a ranar Osinbajo yana muƙaddashi ya sallami shugaban DSS Lawal Daura, wanda hakan ya yi kyau, amma ka lura abin da ya tsayar da ɓarnar shi ne ra'ayin mutum ɗaya da ya zamana yana kan kujera a ranar, da wani ne a wurin watakila shikenan an wuce wurin. Ga kuma kuɗin Ikoyi, dala miliyan 43 da EFCC ta gano a wani gida a Afrilu 2017, shugaban NIA na lokacin Ayo Oke ya ce na hukumarsa ne na ayyukan sirri, daga baya aka sallame shi. Ko da kuɗin na aiki ne da gaske, ta yaya irin wannan dukiya za ta zauna a ɗaki babu wani mai binciken kuɗi da ya san da ita?

Gaskiya ɗaya ce, mutanen nan suna aiki kuma suna mutuwa a bakin aiki, yawancin nasararsu ma ba ma jin labarinta don harin da aka hana aukuwa ba ya shiga labarai. Kabiru Sokoto da ya tsere daga hannun 'yan sanda bayan harin cocin Madalla, su ne suka sake kamo shi a Mutum Biyu ta jihar Taraba a Fabrairu 2012. Khalid al-Barnawi na ƙungiyar Ansaru an kama shi a Lokoja a 2016. Kuma na fahimci damuwarsu, wani lokacin suna da tabbacin mutum mugu ne amma hujjar ta fito ne daga bakin wani da in aka bayyana shi a kotu gobe za a yanka shi. Wannan matsala ce ta gaske, ba mu kaɗai ke da ita ba. Sai dai wasu ƙasashen sun zauna sun nemo mata hanya, ba su ce tunda abin da wuya a jefar da doka ba.

Amurka da ake ta misali da ita, ai su ma sun sha nasu. Hukumarsu ta cikin gida FBI ta yi shekaru tana bibiyar Martin Luther King tana naɗar maganganunsa, har sai da kwamitin Sanata Frank Church ya tona asirin abubuwan da hukumomin ke yi a 1975, daga nan majalisar dattawansu ta kafa kwamiti na dindindin a kan leƙen asiri, a 1978 kuma aka yi doka cewa kafin a saurari wayar mutum da sunan tsaron ƙasa sai an je wata kotu ta musamman. Hakan ma bai hana su sake zamewa ba, a 2003 aka shiga Iraƙi da rahoton makaman ƙare-dangi da ba a taɓa gani ba, saboda masu mulki sun riga sun yanke abin da suke son ji, a 2013 kuma Edward Snowden ya fallasa yadda ake tara bayanan wayoyin miliyoyin mutanen da ba su yi laifin komai ba. Ingila sai 1989 ta yi wa hukumarta ta leƙen asirin cikin gida MI5 doka, a 1994 aka kafa kwamitin 'yan majalisa da ke duba ayyukansu. Afirka ta Kudu suna da sufeto na musamman mai karɓar ƙorafi a kan hukumomin leƙen asiri, duk da haka a zamanin Zuma an mayar da hukumar kayan aikin siyasar cikin jam'iyya, amma dai an kafa kwamitin bincike, an zauna a gaban hukumar bincike ta Mai shari'a Zondo ana faɗin abin a talabijin kowa na gani. Bambancinmu da su kenan, su in an yi ɓarna akwai inda ake zuwa a tona, a yi gyara ko da rabi ne. Mu muna da kwamitocin tsaro da leƙen asiri a majalisun biyu, amma in ba lokacin kare kasafin kuɗi ba da wuya ka ji motsinsu.

Malam Edita, wani zai ce duk wannan maganar 'yan boko ce, mu dai a ba mu tsaro. To ai tsaron ne ke lalacewa. Harin gidan yarin Kuje na 5 ga Yuli 2022, fursunoni sama da 800 suka fice a babban birnin ƙasa, Buhari da kansa da ya je wurin ya ce tsarin tattara bayanan sirri ya ba shi kunya, sai ga mataimakin kakakin majalisar wakilai na lokacin Idris Wase ya tashi a zauren majalisa ya ce DSS ta ba da rahoto har 44 kafin harin. To wanne ne gaskiya? In sun ba da rahoton, a teburin wa ya mutu? Wa aka hukunta? A ƙasar da ake sa ido da yanzu akwai rahoton bincike da kowa zai iya karantawa ko da an ɓoye wasu shafuka. Amurka bayan harin 11 ga Satumba 2001 bincikensu ya nuna CIA da FBI kowa ya riƙe abin da ya sani bai ba ɗan'uwansa ba, shi ya sa suka sake tsarin a 2004, kuma ko bayan nan, a 2009 mahaifin Umar Faruk Abdulmutallab da ƙafarsa ya je ofishin jakadancinsu a Abuja ya faɗa musu damuwarsa a kan ɗansa amma yaron ya hau jirgin Amurka da bam a jikinsa. Bayani yana iya zuwa ya ɓace a hanya a ko'ina, maganar ita ce a bincika a san inda ya ɓace.

Sannan ga babbar, amana. Bayanan sirri na gaske ba daga kwamfuta kawai suke fitowa ba, daga bakin mai shayi ne da ɗan acaɓa da mai unguwa da matar da ta ga baƙin fuska suna sayen burodi da fetur da yawa. A ƙauyukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari mutane sun san abubuwa da yawa, amma suna tsoro biyu, tsoron in sun faɗa labarin ya koma kunnen 'yan bindiga ta bakin infoma, da tsoron su kansu a riƙe su a ce ta ina suka sani. Mutumin da ya ga an raina alƙali a Abuja ta yaya zai yarda cewa shi za a kare shi? Hukumar da mutane ke gudu ba za ta ji komai ba, kuma duk jami'in da aka tura ya bibiyi mai suka a intanet ko mai shirya zanga-zanga, jami'i ne da aka ɗauke daga kan masu sace ɗalibai.

Don haka roƙona ga 'yan majalisarmu, tunda kowace majalisa sai ta yi zaman gyaran kundin tsarin mulki, a sa dokar 1986 ɗin nan cikin abin da za a gyara. A rubuta ƙarara iya kwanakin da za su riƙe mutum da kuma hukuncin jami'in da ya ƙi bin umarnin kotu, shi kansa ba hukuma ba. A tilasta sanar da iyalin wanda aka kama inda yake da barin lauya ya gan shi. A kafa ofishin sufeto mai zaman kansa, tsohon alƙali ko makamancinsa, da talaka zai iya kai wa ƙara kuma yana da ikon shiga ya duba fayil da ɗakunan tsare mutane. Shugaban hukumar a ba shi wa'adi tsayayye yadda zai iya gaya wa shugaban ƙasa abin da ba ya son ji ba tare da tsoron rasa kujera ba. Kuɗinsu ma a riƙa bincika, ko da a ɗaki ne a rufe, amma a gaban waɗanda muka zaɓa.

Ku kuma 'yan jarida dan Allah kar ku tsaya a kan buga sanarwar da kakakinsu ya turo. Ku nemi lauyoyi da tsofaffin jami'ai su yi mana bayanin dokokin nan da Hausa, ku riƙa bin sawun duk umarnin kotu da aka bayar ku gaya mana an bi ko ba a bi ba, sannan ku tuntuɓi shugabannin kwamitocin nan na majalisa ku tambaye su sau nawa suka kira shugabannin hukumomin suka yi musu tambayoyi a bana, ku buga mana amsar da suka bayar.

Na gode da wannan dama, Allah Ya ƙara ɗaukaka wannan jarida, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Naku,
mai karanta ku daga Kaduna