Ina Labarin Dakaren Ƙarni na 19?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan wani mutum da tarihinmu ya yi watsi da shi, wato dakare, sojan ƙasa wanda ya yi yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa a ƙarni na 19. 'Yan makaranta sun san an gwabza a Tabkin Kwatto a 1804, sun san Alƙalawa ta faɗi a 1808, sun haddace sunayen masu tutocin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, amma da wuya a sami wanda zai iya faɗin yadda talakan da ya tsaya a sahun gaba ya rayu.

Akasarin mutanen nan manoma ne da makiyaya, ba albashi suke ɗauka ba. Sai an gama girbi, rani ya shigo, rafuka sun janye, sannan a yi shelar yaƙi, kowane hakimi ya tattaro mutanen ƙasarsa. Dakare shi ke tanadin makaminsa da guzurinsa. Zai rataya kwari cike da kibau waɗanda aka shafe bakinsu da dafin kwankwani, ya ɗaura layu a damtse, ya saɓa gorar ruwa, sannan ya bi 'yan lifidi da 'yan sulke a ƙasa, yana shan ƙurar dawakinsu kwana da kwanaki. Idan Allah ya ba da nasara aka zo rabon ganima, bayan an cire humusi, fiƙihun Malikiyya ya ba mahayi kashi uku, biyu na doki ɗaya nasa, dakare kuwa kashi ɗaya. Idan kuma aka karya runduna, mai doki yana da halin tsira, shi kuwa na ƙasa shi ake cim ma, ko a kashe shi ko a kai shi kasuwa a sayar. Ruwayoyi sun ce a yaƙin Tsuntsuwa kaɗai jama'ar Shehu ta rasa kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani 200. To, mutum nawa daga cikinsu muke iya kira da sunansa a yau?

Ba kuma kowa ne ya fita da son ransa ba. Da bindigogi suka yawaita a ƙarshen ƙarnin, galibi bayin sarki ake danƙa wa. Haka nan dakarun Gobir da na Kabi da na Ningi, waɗanda suka tsaya a ɗaya ɓangaren, su ma 'ya'yan wasu ne, kuma jikokinsu suna nan muna cuɗanya da su a kasuwa da masallaci. Hatta Hausawan da aka ɗauka aikin soja a Legas a 1863, waɗanda rundunar sojan Nijeriya take ƙirga asalinta daga kansu, da sunan Baturen da ya tara su, Glover, aka san su. Wannan abu yana yi mini ciwo ƙwarai.

Kaduna garin soja ce, kuma a nan Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, yake, ga kuma ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Ina kira ga malamanmu na tarihi da su tura ɗalibai ƙauyukan Zazzau da Birnin Gwari, su zauna da tsofaffi su naɗi abin da suka ji daga bakin kakanninsu: kirarin da ake yi wa mutum, yaƙin da ya je, da tabon da ya dawo da shi. Gidaje da yawa suna da tsohon takobi ko mashi a jingine a ƙuryar ɗaki, kuma sau tari tsohuwa ɗaya ce ta rage wadda ta san mai shi. Ita ma wannan jarida, in ta ware shafi ko da sau ɗaya a wata, masu karatu za su aiko da labarin kakanninsu.

Wassalam.

Daga wani mai karatu,
Tudun Wada, Kaduna.