Sansar zafin iska ba abin ratayewa ko'ina ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da makanikai da 'yan rewaya na garin nan, musamman masu yi wa motocin samari kwaskwarima.

Yanzu yayi ake, yaro ya sayi tsohuwar Civic sai a cire akwatin filta na asali a saka wancan mai kama da mazurari wai mota ta fi ja ta fi rugugi, wasu har turbo suke ɗorawa, wato na'urar da ke matsa iska cikin injin. Ni ba ruwana, kuɗinsu ne. Magana ta a kan 'yar sansar nan ce mai waya biyu da ke auna zafin iskar da injin ke shaƙa. Ƙanena aka yi wa irin aikin a wani gareji wajen Ƙofar Ruwa, mota ta dawo tana nauyi kamar an ɗaura mata tirela, ina buɗe bonet sai ga sansar an ɗaure ta da waya a jikin tiyon lagireto. Na tambayi mai aikin ya ce wai Alhaji ai ba wani aiki take ba, don kar fitilar cek injin ta kama ne na bar ta. Haba jama'a!

Iska in ta yi zafi sakayau take zama, iskar shaƙar da ke cikinta ta ragu. Da taimakon wannan sansar ƙwaƙwalwar mota, wato biren bos, take lissafa man da nozul za ta fesa, kusan kashi 1 na fetur ga 14.7 na iska a nauyi, kuma in ta ga zafi ya yi yawa sai ta ja tayimin baya don kar injin ya fara ƙwanƙwasa. To kai ka manna ta a tiyon da zafin ruwan cikinsa ya haura digiri 80, me kake so ta gaya wa biren bos? In ma cire soket ɗin aka yi gaba ɗaya, sa motar a kwamfuta ka gani, digiri -40 za ta nuna maka da lambar matsala P0113, a Kano fa, cikin Afrilu.

Masu turbo su abin ya fi shafa wallahi. Turbo in ta matse iska dafa ta take, iskar tana iya wuce digiri 100 kafin intakula, wato na'urar sanyaya iskar turbo, ta huce da ita, don haka wurin sansa bayan intakula ne, dab da bakin totur, bakin sansar ya shiga cikin bututun sosai iska na dukansa. Ka sa ta kafin turbo, ita tana ganin 40 ɗin waje injin kuma na haɗiyar wuta, ranar da yaro ya taka motar a titin Zariya ranar za a nemi fistin. Kuma kar a ɗaure ta a jikin manifol na alminiyam, wato bututun da ke raba wa injin iska, kusa da kan injin, ƙarfen ke gasa ta, ka faka minti goma a Kwari ka dawo mota ta yi ta gardamar tashi kana zargin batir.

A Toyota da yawa sansar tana cikin mitar da ke auna yawan iska ne, ba daban take ba. Sannan ba kowace sansa ake tsinta a kasuwa a soka ba, awonsu ya bambanta, ta wata mota ƙarya za ta riƙa yi wa biren bos ɗinka.

Gwajin ma ba wuya, da sassafe kafin a kunna mota a sa kwamfuta, zafin iska da na ruwa su zo kusan ɗaya. Ta ƙanena dai huda bututun muka yi kamar taƙi ɗaya kafin totur, bayan filta saboda ƙurar hunturu, muka sa roba muka cusa ta. Mai garejin har yanzu cewa yake fulogi ne.

Naku,
Wani mai karatu daga Gwammaja, Kano